Linda Ronstadt kafin duniya ta san ta: zare kan tsoffin bidiyonta na talabijin

1/ Jama'a ku matso kusa, yau zare zan yi kan wata mawaƙiyar Amurka da na san da yawanku ba ku taɓa jin sunanta ba: Linda Ronstadt. Sati biyu ke nan datana yana ƙarewa a kan bidiyonta na talabijin na 1969 zuwa 1972. Akwai dalili, kuma dalilin ya shafe mu. 🧵

2/ Ga yadda abin ya faro. Na kalli The Last of Us a makare, sai a hutun nan. A kashi na uku akwai wata waƙa da ta tsaya min a wuya. Na bincika, ashe sunanta "Long Long Time", ta 1970 ce. YouTube kuwa kun san halinsa, yana ganin na taɓa guda ya buɗe min rumbu.

3/ Na saka wa Baba a mota muna dawowa daga gidan kakarmu. Shi mutumin Don Williams ne tun zamanin kaset. Ya ce, "Ai na san muryar nan, ita ce ta yi waƙa da Aaron Neville." Haka ne kuwa, "Don't Know Much" ta 1989. Shi babbar tauraruwa ya sani. Ni kuwa yarinyar da ba ta kai can ba tukuna na haɗu da ita.

4/ Ra'ayina tun daga farko, don kada in ja ku da nisa: bidiyon farkon nan sun fi na lokacin ɗaukakarta amfani gare mu. Kuma ɗabi'armu ta yi wa mai koyo dariya har sai ya goge abin da ya yi, asara ce muke wa kanmu. Ku bari in kawo hujja kafin ku fara jifa.

5/ Wace ce ita? An haife ta a 1946 a garin Tucson na jihar Arizona, kusa da iyakar Meziko. Dangin mahaifinta suna da jinin Meziko, gidan mawaƙa ne. Ta shiga jami'a, ba ta daɗe ba ta ajiye, ta tafi Los Angeles a 1964 tana shekara 18. (Ban ce ku ajiye karatu ba fa 😅)

6/ A can suka kafa ƙungiya su uku, Stone Poneys, ita da Bobby Kimmel da Kenny Edwards. A 1967 suka fitar da "Different Drum", wadda Mike Nesmith ya rubuta, ta kai lamba 13 a jadawalin Billboard. Amma da aka zo ɗaukar waƙar, makaɗan haya aka kawo mata. Ba a jima ba ƙungiyar ta watse.

7/ To a nan labarin yake. Daga waccan waƙar zuwa ranar da ta hau lamba ɗaya da "You're No Good" a Fabrairun 1975, shekara bakwai ne. Shekara bakwai an san sunanta sama-sama, ana cewa yarinyar nan za ta yi abu, abin bai zo ba. A cikin waɗannan shekarun ne ta yi ta zagayen gidajen talabijin.

8/ Ku fahimci talabijin ɗin wancan lokacin. Manyan tashoshi uku ne a Amurka: ABC, CBS da NBC. Babu intanet, babu maimaitawa yadda ka ga dama. Akwai shirye-shiryen da zan kira haɗin gambiza: mai gabatarwa ɗaya, ɗan barkwanci, 'yar hira, sai baƙi su zo su rera waƙa. Minti uku za a ba ka, shi ke nan.

9/ A gida kuma akwati ɗaya ne a falo. Kaka da uba da matashi mai dogon gashi duk abu guda suke kallo. Wanda ya samu minti ukun nan ya shiga gidajen miliyoyin mutanen da ba za su taɓa zuwa kulob ɗin da yake waƙa ba. Wanda bai samu ba kuwa sai dai ya yi ta fama da rediyo.

10/ Rediyon ne matsalar Linda. Tashoshin kiɗan kantiri suna mata kallon 'yar Kalifoniya mai waƙa ba takalmi. Tashoshin kiɗan rok kuma suna jin goge da jitar ƙarfe a waƙoƙinta su ce wannan ai ta ƙauye ce. Abin da yau ake kira kantiri-rok, lokacin ba shi da gida. Kundinta na farko ita kaɗai, Hand Sown... Home Grown na 1969, ko jadawali bai shiga ba.

11/ Sai ga shirin Johnny Cash. ABC ta fara shi a watan Yunin 1969, ana ɗauka a zauren Ryman da ke Nashville, tsohon ɗakin ibada mai bencina na katako, inda Grand Ole Opry yake a lokacin. Wato tsakiyar gidan masu kantiri na gargajiya. Daren farko Cash ya kawo Bob Dylan da Joni Mitchell.

12/ Ku tuna ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, manya da matasan Amurka kusan ba sa ga maciji da juna. Cash kuwa ya riƙa ɗora su a dandamali guda. Louis Armstrong ya zo, Ray Charles ya zo, Stevie Wonder ya zo, har Pete Seeger da aka daɗe ana gudun sakawa a talabijin saboda siyasarsa.

13/ A watan farkon shirin Linda ta bayyana, tana shekara 22. Shekaruna ke nan yanzu, shi ya sa abin ya taɓa ni. Ta ɗauki waƙar Waylon Jennings da namiji ke cika baki a cikinta, ta juya ta ta koma bakin mace. A gaban mutanen Nashville fa, a gidansu. Wannan kaɗai ƙarfin hali ne.

14/ Sannan suka rera tsohuwar waƙar nan "I Never Will Marry" ita da Cash. Ku riƙe sunan. Sai bayan shekara takwas, a 1977, ta saka ta a kundinta Simple Dreams, Dolly Parton na mata amshi, kundin ya hau lamba ɗaya. Waƙar tana bakinta tun 1969, mutane ne ba su shirya saye ba.

15/ Kada in yi muku ƙarya in ce ba ta iya ba a lokacin. Muryar nan tana nan tun ranar farko, ƙarfi kamar za ta fasa makirufo. Abin da za ka lura shi ne sauran abubuwan ba su zauna ba. Wane salo ne nata? Ina za ta kai idonta? Me za ta yi da hannunta? Kana kallo kana ganin mutum yana lalube.

16/ Bidiyon "Long Long Time" na 1970 ya fi kashe ni. Tana tsaye kusan ba ta motsi, babu rawa babu komai, kamar an ce ta tashi ta yi karatu a gaban aji. Da ta kai inda waƙar ke ɗagawa sai kunyar nan ta ɓace. Tana saukowa ta dawo. Na maimaita wurin ya fi sau goma.

17/ Waƙar, wadda Gary White ya rubuta, ta kai lamba 25, ta samo mata shiga takarar Grammy karon farko. Kowa ya ce to an zo wurin. Ina! Kundin da ke ɗauke da ita, Silk Purse, bai yi kasuwar kirki ba. A bangonsa ma hotonta ne zaune cikin aladu. Na gaba da shi ya fi shi shan ƙasa.

18/ Ta ci gaba da zagaye. Shirin Glen Campbell a CBS. Hee Haw, inda ake barkwancin manoma a tsakanin waƙoƙi. Shirin hira na Mike Douglas da ake nunawa da rana. A 1972 tana cikin waɗanda aka gwada The Midnight Special da su a NBC. Kullum baƙuwa ce a shirin wani.

19/ Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ni dai ina da ja. Mu da muka san yadda Juma'ar ta kaya, mu ne muke kallon bidiyon Laraba muna cewa ai a bayyane yake. Wanda ke falonsa a 1970 wata yarinya kawai ya gani kafin talla.

20/ Ga abin da mutane ba sa lissafawa: shiga shirin ba kallon jama'a kaɗai yake jawowa ba. A Fabrairun 1971 an tara Linda da Neil Young da James Taylor a Nashville don wani kashi na shirin Cash da aka shirya saboda ɗaliban jami'a. Su uku suna gari ɗaya, a mako ɗaya.

21/ Elliot Mazer, wanda ya shirya wa Linda Silk Purse, ya ja Neil Young zuwa situdiyonsa. Aka kira Linda da James Taylor suka yi amshi a "Heart of Gold" da "Old Man". "Heart of Gold" ta hau lamba ɗaya a 1972, kuma ita kaɗai ce waƙar Neil Young da ta taɓa kai nan a Amurka.

22/ Kun gane? Muryarta ta riga sunanta hawa lamba ɗaya da shekara uku, a bayan waƙar wani. Da ta ce ba za ta ƙara fita talabijin ba sai ta gama gogewa, da ba ta Nashville a wannan makon. Yawancin ƙofofi a bayan dandamali suke, kuma sai ka fito ake kai ka can.

23/ Wani abin kuma. A 1971 ɗin aka haɗa mata makaɗan rakiya, cikinsu da Glenn Frey da Don Henley. Su ne suka ware tare da Randy Meisner da Bernie Leadon suka kafa Eagles, kuma ba ta hana su ba. Cikin shekara guda yaran da ke mata kiɗa sun wuce ta a kasuwa. Ka auna yadda wannan yake a zuciya.

24/ Sai ƙarshen 1974 Heart Like a Wheel ya fito, Peter Asher ya shirya. Komai ya buɗe lokaci guda. Grammy ɗinta na farko kuwa da tsohuwar waƙar Hank Williams ta ci shi. Tun a Silk Purse take rera waƙoƙin da aka san Hank da su. Hanyar ɗaya ce, tafiyar ce ta yi tsawo.

25/ Yanzu bari in soki kaina kafin ku soke ni. Na ɗaya: zamanin nan ba aljanna ba ne. Ƙofar ƙarama ce, kuma 'yan tsirarun maza ne riƙe da makulli. A kan kowace Linda da ta samu minti uku, Allah kaɗai ya san mawaƙa nawa ne ba su ko ga bakin ƙofar ba. Mu yau waya ta ishe mu.

26/ Na biyu: yadda ake gabatar da mata. Ta shiga har Playboy After Dark, shirin Hugh Hefner da ake tsarawa kamar liyafa a falon mai gida, an zagaye shi da 'yan mata kamar kayan ado. Mace mai murya irin wannan, amma sai ta bi ta nan don a ji ta. Wannan ba abin kewa ba ne ko kaɗan.

27/ Na uku, kuma shi ne mafi ƙarfi: ita idan ta yi kuskure, gobe an manta. Babu mai yanka sakan biyar ya watsa. Mu kuwa kuskurenmu baya mutuwa. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma ku duba da kyau, wannan hujja ce a kanmu masu kallo. Wayar ba ita ke dariya ba.

28/ To ga inda abin ya zo kaina. Aikin jarida nake karantawa, ina aji uku. Zangon da ya wuce aka ba mu aikin gabatar da shirin hira na minti biyar a gaban kyamara. Na yi sati ina shiri. Fitila tana kunnuwa sunan baƙona ya gudu daga kaina. Na tsaya baki buɗe, ido waje.

29/ Kafin magariba fuskata ta zama sitika a guruf ɗin ajinmu. Duk wanda aka yi wa tambayar da bai sani ba sai ya turo ni. Na yi dariya tare da su don kada a ce ban san wasa ba. Da dare na goge bidiyon gaba ɗaya daga wayata da kwamfutata. Tun ranar bayan kyamara nake ɓuya.

30/ Abin haushin, minti huɗun da suka biyo baya ban san ko sun yi kyau ba. Ban taɓa kallo ba. Ƙawata ta rantse tambayoyina sun fi na kowa a rukuninmu. Ba ni da hanyar tabbatarwa. Sitikar tana nan a wayoyin mutane, aikin kuma ni da hannuna na kashe shi.

31/ Kuma ba ni kaɗai ba ce. Ku faɗi gaskiya, mutum nawa kuka sani da suka fara saka waƙa, ko zane, ko karatun labarai, ko ɗinki, aka yi musu ca a ƙasa, washegari shafin ya koma fanko? Mun iya cewa da rarrafe yaro kan tashi, amma muna ganin mai rarrafe sai mu ɗauki hoton allo.

32/ Ba cewa nake kada a yi gyara ba. Idan muryar mutum ta kauce a gaya masa. Ita kanta Linda ta sha faɗa a hirarraki cewa ba ta son sauraron tsoffin faifanta, kuma a ganinta sai wajen 1980 ta fara iya waƙa yadda take so. Mai Grammy ce fa ke faɗin haka kan shekarun da ta ci Grammy.

33/ Wato da ita aka bar wa hukunci, wataƙila da yawancin bidiyon nan ba su kai gare mu ba. Mai abu shi ne mafi tsananin alƙali a kan farkonsa. Shi kunyar ranar yake tunawa. Ni da na zo bayan shekara hamsin da ɗoriya, abin da na gani shi ne yadda ake tsayawa ko da gwiwa na rawa.

34/ Kuma goge abu ba wasa ba ne. NBC ta shafe mafi yawan shirye-shiryen Tonight Show na Johnny Carson na kafin 1972, don a lokacin ana maimaita amfani da tef. Fitowar farko ta mawaƙa da masu barkwanci da yawa ta tafi ke nan har abada. Su tsadar tef ta sa su. Mu kunya ce kawai.

35/ Shirin Cash ma bai daɗe ba, a Maris ɗin 1971 aka rufe shi bayan kashi 58, a shekarar da tashoshin suka yi ta sallamar shirye-shirye masu ƙanshin karkara. Sa'a aka yi tef ɗinsa ya tsira. Shi ya sa ɗaliba kamata take iya zama a kan katifa ta kalli daren wata Asabar ta 1969.

36/ Ga abin da ya sa tef ɗin ya ƙara daraja. Linda ta yi wasanta na ƙarshe a 2009. A 2013 ta sanar cewa ciwo ya raba ta da waƙa. Da farko an ce Parkinson ne, daga baya likitoci suka gano wata cutar ƙwaƙwalwa ce mai kama da ita. Abin da aka ɗauka shi ne abin da ya rage.

37/ Kuma da The Last of Us ya saka waƙar a Janairun 2023, wace Linda matasa suka ruga nema? Ta 1970, mai shekara 24, wadda kundinta bai sayu ba. Waƙar da ta tsaya a lamba 25 ita ce ta jawo mata sabbin masoya bayan shekara 53, har da ni a nan.

38/ Roƙona biyu ne. Idan kai ne mai yi: ka ɓoye idan kunya ta yi yawa, ka mayar da shi inda kai kaɗai ke gani, amma kada ka goge. Idan kai ne mai kallo: kafin ka yanka sakan biyar ɗin nan, ka kalli sauran minti huɗun. In ka gama kuma har yanzu abin dariya ne, to aƙalla ka ga aikin.

39/ Ni dai ranar Talata akwai wani aikin kyamarar, kuma na rubuta sunana a masu gabatarwa. 'Yan ajinmu da ke nan, na san kuna gani, ku tanadi wurin sabuwar sitika 😂 Na rubuta sunan baƙon a tafin hannuna, kuma wannan karon ko me ya faru bidiyon zai zauna a wayata.

40/ Wanda ke da sauran data ya nemi Linda Ronstadt a shirin Johnny Cash, ya fara da na 1969 sannan na 1970, ya dawo mu yi gardama a ƙasa. Ku saka ni a addu'a ranar Talata da ƙarfe goma. 🙏🏾